Bita: Hidimar Lambatu ta OPP a Orangi, Daga Bakin Masai Zuwa Bakin Kwari

Duk wanda ya nufi ofishin Orangi Pilot Project (OPP), wata ƙungiya mai zaman kanta a birnin Karachi na ƙasar Pakistan, da niyyar karɓo tallafin gina lambatu, hannu rabbana zai dawo. Ba sa ba da kuɗi, ba sa raba siminti, ba sa turo ɗan kwangila. Abin da mutanen layi suke samu a wurinsu shi ne safiyo da zai zo ya auna layin, takarda mai zanen inda bututu zai bi, ƙiyasin kaya da na ƙwadago, aron kayan aiki, sai kuma ma'aikacin da zai riƙa leƙowa yana duba aikin. Sauran duka daga aljihun masu gidaje yake fitowa da ƙarfin damtsensu. A kan wannan ɗan abin ne gidaje sama da 100,000 suka yi wa kansu masai na zamani da lambatun ƙarƙashin ƙasa, har aikin ya game fiye da kashi 90 cikin 100 na layukan Orangi. A cikin layi, da wuya a sami hidimar da ta kamo ƙafar wannan. Daga bakin layi zuwa gaba kuwa akwai magana, kuma ba ƙarama ba.

Orangi tana arewa maso yammacin Karachi, a gindin duwatsu. An fara zama a cikinta wajajen 1965, ta cika ta batse bayan yaƙin 1971, lokacin da Gabashin Pakistan ya zama Bangladesh, 'yan gudun hijira suka kwararo. Irin wannan unguwa katchi abadi ake ce mata a can, wato dai awon igiya: dillalai ne suka yanyanka filin gwamnati suka sayar wa talakawa, babu famfo, babu titi, babu magudana. Abu ɗaya dillalan suka yi daidai, wanda ya zo ya taimaki aikin ƙwarai daga baya, shi ne sun yanka layukan a miƙe, gida yana kallon gida. Kafin 1980 wasu da bokiti suke amfani, mai kwasa ya zo duk bayan 'yan kwanaki, sau da yawa ya juye shi nan kusa. Wasu sun haƙa sokawe, yana cika yana jiƙa gindin katanga. Ruwan wanka da na wanke-wanke kuwa tsakiyar layi yake bi, yara suna wasa a gefensa.

A 1980 ne Dakta Akhtar Hameed Khan, wanda ya riga ya yi suna da aikin raya karkara a Comilla, wani gari da ke Bangladesh ta yanzu, ya kafa OPP da tallafin gidauniyar bankin BCCI. Bai fara da haƙa ba, da yawo ya fara, yana zama da masu unguwa yana jin abin da ya fi damun su. Ya gano abubuwa huɗu da suka ɗaure hannun mutane: sun sakankance cewa lambatu aikin gwamnati ne kuma kyauta zai zo, farashin da hukuma da 'yan kwangila suke faɗa ya fi ƙarfinsu, ba su san yadda ake aikin ba, kuma ba su da wata ƙungiya da za ta haɗa su. Hidimar gaba ɗayanta an gina ta ne don kwance waɗannan ɗaurin.

Ga yadda abin yake tafiya. Ma'aikacin wayar da kai, wanda galibi ɗan unguwar ne, shi yake fara shiga layi ya tara magidanta. Layi ɗaya gidaje 20 ne zuwa 40, kuma zaɓen layi a matsayin tushen aiki shi ne dabara mafi kaifi a duk tsarin. Mutum talatin sun san juna, sun san mai riƙon amana, sun san wanda kuɗi ba ya kwana a hannunsa. Ba a buƙatar kwamiti mai shugaba da sakatare da ma'aji. In sun amince, sai su fitar da mutum ɗaya daga cikinsu a matsayin wakilin layi, shi zai rubuta wa OPP takardar neman taimako. Sai bayan takardar ta iso ne safiyo yake zuwa da na'urar auna tudu da gangare. Ya kafa alamomi, ya koma ofis ya fitar da zane da ƙiyasi, a miƙa wa wakilin. Wakili ya raba kuɗin a kan gidaje, ya bi ƙofa-ƙofa yana karɓa, ya sayo bututu da siminti da yashi da tsakuwa da rodi, ya ɗauko birkila. Haƙa kuwa ko dai a yi gayya ko a biya leburori, ya danganta da ƙarfin layin. Mata sun taka rawa babba a nan, domin su suke wuni da warin, su suke jinyar yaran, kuma sau da yawa daga kuɗin cefane aka tsame rabon gida.

Kuɗin ba ya bi ta hannun OPP ko da sau ɗaya. Mai karatu zai iya ɗaukar wannan ƙaramin abu, amma shi ne ya tsare mutuncin hidimar shekara da shekaru. Inda ƙungiya ta riƙe kuɗin jama'a, ranar da bututu ya fashe ita za a zarga da ci. Inda maƙwabcinka ne ya riƙe, kuma ka ga buhunan simintin a ƙofar gidansa, ka ƙirga su da idonka, zargi ba ya samun wurin zama.

Sai kayan aikin kansu, wanda a nan ne arahar take. Kashi na farko masai ne na tsuguno a cikin gida, mai wuyan da ke riƙe ruwa don tare wari da ƙuda, ana kora shi da buta ko ɗan bokiti. Daga shi bututu mai faɗin inci 4 yake fita zuwa wani ɗan ƙaramin rami mai ɗaki ɗaya a ƙofar gida, wanda suke kira haudi. A mafitar haudi akwai bututu mai siffar harafin T: bakinsa na ƙasa yana nutse a cikin ruwa, don haka abin da ya yi nauyi ya kwanta a ƙasan ramin, abin da ke yawo a sama kamar leda da tsumma ya tsaya, ruwan tsakiya kaɗai yake wucewa. Amfanin wannan ɗan ramin biyu ne. Na farko, Orangi unguwa ce mai ƙarancin ruwa, abin da ake korawa da shi bai isa ya tura ƙazanta mai kauri har ƙarshen layi ba, sai haudi ya rage wa bututu nauyi. Na biyun ya fi armashi: wanda ya jefa abin da bai kamata ba a masai, a ƙofar gidansa zai toshe, shi zai buɗe ya kwashe, ba maƙwabcin da ke gangare ba. Rigimar maƙwabta da yawa a nan take mutuwa tun ba a haife ta ba.

Bututun layi na kankare ne, mafi yawa inci 6, yana bin tsakiyar layin. Wanda yake tattara layuka da dama ya fi shi faɗi. Ba a zurfafa ramin kamar yadda littattafan injiniyoyi suka tanada wa manyan tituna, saboda tirela ba ta shiga waɗannan layukan, kuma kowane taku ɗaya na zurfi ƙarin kuɗin haƙa ne a ƙasa mai dutse. Ramukan dubawa, waɗanda ake buɗewa a zura sanda in an sami toshewa, su ma an rage musu girma, tunda ba zurfi gare su ba balle a ce sai mutum ya shiga ciki. Da farko da bulo ake gina su, sai aka ga suna buƙatar ƙwararren birkila da filasta mai kyau, in ba haka ba su yi ta yoyo. OPP ta koma ƙera mazubin ƙarfe mai zagaye tana ba da aronsa: a kafa shi a rami, a zuba kankare a kewaye, ya kama, a zare a kai gaba. Ko wanda bai taɓa riƙe cokalin gini ba zai iya fitar da rami mai kyau da shi. Murfin kuma na kankare ne da rodi, ba na ƙarfe ba, don murfin ƙarfe ba ya daɗewa kafin ya tsinci kansa a wurin 'yan gwangwan.

Wanda ya tsaya a layin da ake aiki zai ga igiya a ɗaure daga turke zuwa turke a saman ramin, birkila yana ɗora sanda mai alama a bayan kowane bututu yana duba ko alamar ta yi daidai da igiyar. Wannan igiyar ita ce ran aikin. A ɗauki misalin layi mai tsawon mita 100: in aka ba shi gangaren ɗaya cikin ɗari, ƙarshensa zai fi farkonsa ƙasa da mita ɗaya, wato santimita ɗaya a kowace mita. Ido ba ya iya ganin wannan. In gangaren ya gaza, ruwa ya yi ta jan ƙafa, laka ta kwanta, cikin 'yan watanni bututu ya cushe. In kuma bututu ɗaya tak ya zauna ƙasa da 'yan uwansa, ya zama kwano a tsakiyar hanya, a nan za a yi ta samun toshewa har abada, kuma ba a gane dalili sai an tone.

Kurakuran da suke ɓata aikin sanannu ne, kuma kusan dukkansu daga gaggawa suke fitowa. A farkon shekarun, da labari ya bazu, layuka da dama ba su jira safiyo ba, suka kwaikwayi maƙwabta da ido, aka sami bututu a karkace da wanda ruwa ke komawa baya. Akwai ɗora bututu kai tsaye a kan dutse ba tare da shimfiɗa yashi ba, wanda da an taka shi da nauyi sai ya tsage. Akwai haɗin baki da aka shafa wa siminti a sama kawai aka bar ƙasan, tunda nan ne hannu ba ya kaiwa da sauƙi, sai ƙazanta ta riƙa tsiyaya cikin ƙasa. Wannan ya fi kowanne haɗari inda bututun ruwan sha yake bin layi ɗaya, domin famfon da ba kullum yake kawo ruwa ba yana zuƙo abin da ke kewaye da shi duk lokacin da ya bushe. Akwai mayar da ƙasa da manyan duwatsu a ciki. Akwai murfin da aka rage wa siminti, ko aka ɗora shi ba a ba shi ruwa na mako guda ya ƙeƙashe ba. Kwaɓin da ya dace shi ne siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kuma duk wanda ya ce zai yi tsimi a nan, amalanke ɗaya ce za ta tona masa asiri. Murfi kuwa in ya fashe aka bar shi kwana biyu, ramin ya zama bola.

Maganin da OPP ta yi wa wannan shi ne horar da birkilolin unguwar da raba takardu masu zane, maimakon ƙara yawan ma'aikatanta. Ya yi aiki sosai, sai dai ingancin bai zama ɗaya ba daga layi zuwa layi, kuma dole mai bita ya faɗi haka. Layin da ya dace da wakili mai tsantseni, aikinsa yana nan lafiya bayan shekaru talatin. Wanda bai dace ba, ana ta faci.

Batun kuɗi: a shekarun 1980, masai da haudi da rabon gida na bututun layi suna tashi kusan rupi 1,000, wanda ɗan ƙaramin kaso ne na abin da hukuma take cajin irin wannan aiki. Arahar ba daga rage inganci kaɗai ta fito ba, kamar yadda masu suka suka yi zato da farko. Ta fito ne daga cire ribar ɗan kwangila, cire na goro, sauƙaƙa zane, da ƙwadagon masu gida. Abin da mutanen Orangi suka zuba daga aljihunsu ya ninka abin da OPP ta kashe wajen bincike da horo fiye da sau goma. An ma gwada hanyar gargajiya gefe da gefe: a farkon shekarun 1980 wani mashawarci daga Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙi yarda da tsarin, aka raba unguwar, ɓangarensa ya bi salon manyan ayyuka. Bayan 'yan shekaru layukan da ya kammala ba su wuce a ƙirga su da gomomi ba, na ɓangaren OPP kuwa da dubbai ake lissafa su.

To, ina ruwan yake zuwa in ya bar layi? A nan gizo yake saƙa. OPP ta kasa aikin gida biyu. Na ciki, wato masai da bututun layi da ƙaramin mai tattarawa, na jama'a ne. Na waje, wato babban bututu da matatar ƙazanta, na gwamnati ne, don babu karo-karon da zai iya gina shi. A takarda rabon ya yi kyau, har manufar tsaftar muhalli ta ƙasar Pakistan ta 2006 ta ɗauke shi. A ƙasa kuwa, jama'a sun cika nasu alkawarin, ɗaya ɓangaren ya yi ta jan jiki. Orangi tana kan gangare, kwaruruwan ruwan sama da ake kira nala sun ratsa ta, cikinsu layukan suke juyewa. An rufe wasu daga cikin nalolin an mayar da su manyan magudanai, wanda shawarar OPP ce, amma matatun Karachi sun daɗe ba sa aiki yadda ya kamata, mafi yawan ƙazantar birnin ɗanya take isa Tekun Larabawa. Wato an fitar da ita daga ƙofar gidan talakan Orangi, an kai ta ga na bakin kwari da masuntan bakin teku. Ba laifin hidimar ba ne kai tsaye, amma wanda zai yabe ta dole ya san cewa rabin bututu ne a hannunta.

Akwai kuma tambayar da ba ta da daɗin ji. Mazauna unguwannin masu hali ba su taɓa riƙe diga don lambatunsu ba. Me ya sa sai talaka ne zai biya kuma ya haƙa? Amsar masu tsarin ita ce, jiran gwamnati yana da nasa farashin, kuɗin magani da kwanakin aikin da ciwo ya cinye da katangar da danshi ya kayar, kuma in jama'a suka ɗauke na ciki, ɗan kuɗin da hukuma take da shi zai isa na waje ba tare da bashi ba. Amsa ce mai ƙarfi, kuma ni na karɓe ta a matsayin dabarar fita daga ƙangi. Ban karɓe ta a matsayin adalci cikakke ba, musamman ga bazawara ko ɗan haya da rabon gida ya fi ƙarfinsu. A layuka da dama maƙwabta sukan ɗauke wa irin waɗannan, ko a bar su su biya da ƙwadago, amma wannan kirkin mutane ne, ba tanadin tsarin ba.

Abin da ya fi daraja a duk hajar OPP, a ganina, ba bututu ba ne, taswira ce. Bayan an raba ƙungiyar zuwa cibiyoyi a 1988, sashen bincike da horo, OPP-RTI, ya ɗauki matasan unguwanni yana koya musu awo da zane, suka bi katchi abadi ɗaya bayan ɗaya suna rubuta kowane bututu da kowane kwari. Taswirorin suka nuna abin da hukumar ruwa ba ta da shi a ofishinta: cewa jama'a sun riga sun gina mafi yawan magudanan da ake shirin cin bashi don ginawa, kuma duk a nala suke zuba, ba a manyan bututun da aka zana a takarda ba. Da wannan hujjar ce aka ƙalubalanci wani babban aikin magudanai da aka shirya yi a Korangi, wani yanki na Karachi, har gwamnan lardin Sindh, inda Karachi take, ya soke bashin dala miliyan 70 na Bankin Raya Asiya a 1999. Masanin gine-gine Arif Hasan, wanda ya daɗe yana ba OPP shawara, yana cikin waɗanda suka tsaya a kan lamarin.

Taswira tana da haƙora, kuma tana jawo abokan gaba. Perween Rahman, wadda ta shiga OPP a farkon shekarun 1980 ta kuma shugabanci OPP-RTI, ta faɗaɗa aikin zuwa rubuta tsofaffin ƙauyukan gefen Karachi don mazaunansu su sami takardar mallaka, ta kuma fallasa wuraren da ake satar ruwan famfo ana sayar wa jama'a a tanka. An harbe ta ranar 13 ga Maris, 2013, a hanyarta ta komawa gida daga ofis.

Iyakar hidimar ta sake bayyana bayan ambaliyar Agustan 2020. Bisa umarnin Kotun Ƙoli aka shiga rusau a gefen nalar Gujjar da ta Orangi a 2021, ba don faɗaɗa kwarin kaɗai ba, har da fitar da titi mai faɗin ƙafa 30 a kowane gefe. Dubban gidaje suka tafi, cikinsu har da masu takardar hukuma, diyyar da aka yanka kuwa kuɗin haya ne rupi 15,000 a wata na shekara biyu. Lambatun da mutum ya gina da guminsa bai hana katafila ba. Amma a Manzoor Colony, wata unguwar Karachi, matasan TTRC, wata cibiyar koyar da awo da zane, waɗanda asalinsu horon OPP ne, sun riga hukuma auna kwarin unguwar, suka nuna cewa shara da laka da toshewar mafita ne suke hana ruwa wucewa, ba gidaje ba. Aka dakatar da rusau ɗin farko, wanda aka yi daga baya ya taɓa gidaje kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da abin da aka shirya.

Ba kowace unguwa ce wannan hidima za ta karɓa ba. Tana son masu gidaje da suke zaune a gidajensu kuma suke da tabbacin ba za a tashe su gobe ba, don babu mai binne kuɗinsa a ƙasar da ba ta da tabbas. Inda 'yan haya suka fi yawa, karo-karo yakan tsaya a gida na biyar. Tana son ruwa, ko yaya yake, da zai kora masai. Tana son gangare da wurin juyewa. A birnin Faisalabad na lardin Punjab, inda ƙungiyar Anjuman Samaji Behbood ta ɗauki tsarin, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kuma babban bututun hukuma yana da nisa, sai da aka kafa asusun rance mai juyawa aka fara gina mai tattarawa, layuka suna biya yayin da suke jonawa. A garin Lodhran na lardin Punjab ma an bi tsarin daga 1999, tare da haɗa hannu da ƙaramar hukuma tun daga farko. Inda dole sai an sa injin tura ruwa, lissafin ya canza gaba ɗaya: akwai kuɗin wuta ko man dizal kowane wata, akwai albashin mai kula, kuma ranar da injin ya tsaya, ƙazantar layuka ashirin a gidan da ya fi kowanne gangare za ta fito. Shi ya sa kafin a karɓi ko rupi ɗaya daga hannun magidanta, safiyo yakan fara da ƙarshen layi, ya tabbatar da inda ruwan zai faɗa da tsayin wurin, sannan ya biyo awo baya-baya har zuwa ƙofar gida na farko.